Abin da Na Karanta wa Kawu

Takardar farko ni na buga ta da yatsuna, don haka ba ni da bakin cewa ban san abin da ke ciki ba. Ni ce mai buga takardu a ofishin Sakataren asibitinmu, shekara shida ke nan. Ran nan da safe ya miƙo mini wani rubutun hannunsa da sai an yi da gaske ake gane shi, ya ce in buga kwafi biyu kafin ƙarfe goma. Na fara bugawa ina hamma. Sai da na iso kan suna na ga ashe na Kawu ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni ina 'yar shekara huɗu bayan rasuwarta, shi ya sa ni makaranta, shi ya yi ta sintiri har aka ɗauke ni wannan aikin. Shekararsa ashirin da bakwai a ɗakin wankin asibitin, can baya kusa da tankin ruwa. Baba Tururi ma'aikata ke ce masa, don tun zamanin tsohuwar tukunyar ruwan zafi yake wurin. Bai yi boko ba. Tun ina aji huɗu, duk takardar da ta shigo gidanmu ni nake karanta masa. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ni kuwa ko da wasa ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

A saman takardar, da manyan baƙaƙe, kalma ɗaya ce ta Turanci: REPRIMAND. Na san ta sarai. Duk da haka na jawo tsohon ƙamus daga durowa, ko Allah zai sa in tarar da wata ma'ana mai dama-dama. Ina! Tsawatarwa ce ta hukuma, wadda na sama ke yi wa na ƙasa idan ya aikata abin da ba a yarda da shi ba. Ba shawara ba ce, ba kuma roƙo ba. A wurin aiki irin namu ba a fatar baki take tsayawa ba: kwafi ɗaya a hannunka, ɗaya a fayil ɗinka. Sau biyu ake yi wa mutum. A na uku kwamiti ake kira, daga kwamiti kuma sai ƙofar fita.

Laifin Kawu jajayen jakunkuna ne. Tun da aka kawo sabuwar Babbar Nas aka kafa doka: zannuwan gado na ɗakin masu cuta mai yaɗuwa a ƙulle su cikin jar jaka, kada kowa ya buɗe. Yadda ta zo haka za a jefa ta cikin inji, jakar da kanta take narkewa a ruwan zafi. Kawu ya ce wannan ba wanki ba ne, ƙazanta ce.

"Ruwan zafi dafa jini yake yi," in ji shi. "Ka jefa zani da jini a inji ba ka jiƙa ba, tabon nan ya zauna ke nan har zanin ya mutu."

Sai ya riƙa kwance jakunkunan, ya ware masu tabo, ya jiƙa su a bahon ruwan sanyi, ya cuɗa da hannunsa, ko safar hannu ba ya sawa wai tana hana shi jin kaya. Zannuwansa kuwa fari fat suke fita. Maganarsa ta tabo gaskiya ce. Maganarsu ta cuta ita ma gaskiya ce, kuma su ke riƙe da biro.

Da aka tashi hutun rana na ɗauki ambulan na gangara. Ɗakin wanki kullum kamar cikin tukunya yake, ga ƙarar injina uku, ga warin sabulu da bilic mai shiga ido. Shugaban wanki, wani da ake ce wa Gajere, yana hango ambulan a hannuna ya tuna yana da aiki a sito. Na sami Kawu a waje wajen igiyoyin shanya, zaune a kan bokitin da ya kifa.

"A'a, Uwata ce da kanta? Me aka samu?"

"Takarda ce daga ofis, Kawu."

"To karanta mu ji."

Na buɗe. Na dubi kalmar, na dube shi. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗa. Amma ta yaya? Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni allurar rigakafi, ni zan tsaya a kansa in ce an tsawatar maka?

"Tunatarwa ce," na ce. "Kan batun jajayen jakunkunan nan. Kowa an ba shi."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"To madalla. Ki ce musu na ji, na gode."

Ya miƙo babban yatsa na shafa masa tawada, ya dangwala a ƙasan layin da ke cewa an karanta masa kuma ya fahimta. Na koma ofis ina ce wa raina ai dai na ambaci jakunkunan, mai hankali ne, zai gane. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na san ƙarya nake yi.

Bai gane ba. Me zai gane? Bayan wata biyu Babbar Nas ta shiga ɗakin wanki ba sallama ta same shi hannu tsamo-tsamo a cikin baho. Ba ta jin yarenmu, shi ba ya jin nata. Ta yi ta zazzaga masa faɗa da Turanci har jijiyar wuyanta ta tashi, shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Da ta fita ya ce wa masu guga, "Matar nan akwai zafi. Allah dai ya sa mijinta mai haƙuri ne." Suka kwashe da dariya. Washegari Sakatare ya miƙo mini rubutu na biyu.

Wannan karon hankalina ya tashi sosai. Kafin in kai takardar sai na tare Gajere a bayan sito.

"Kai ne shugabansa. Ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya, saura ɗaya a kore shi."

Ya ja da baya kamar na miƙo masa wuta. "Ni? Haba 'yar'uwa. Mutumin da ya koya mini kunna inji? Ranar da na fara aiki ko ninke zani ban iya ba. Da wane idon zan kalle shi? Ke ai 'yarsa ce, ke ya fi jin maganarki."

"Shugabancin me kake yi to?"

"Na rubuta sunaye a rajista," ya ce, ko kunya babu, ya wuce abinsa.

Da yamma na biya gidan Kawu na ja Inna, matarsa, zuwa kicin na faɗa mata komai. Ta dafe ƙirji.

"Ke, rufa mana asiri! Kar ki kuskura. Mutumin da ke fama da hawan jini? Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa ce masa kanzil a wurin aikin nan, da shi yake taƙama a majalisa. Ki ce masa an rubuta sunansa cikin masu laifi, ai sai dai mu kwashe shi. Bar ni da shi, zan bi da shi a hankali."

Ina zaune ta bi da shi a hankalin. Ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, wai ni kam an ce a daina buɗe jakar nan ta asibiti."

"Wa ya ce?"

"Mutane dai."

"Mutanen sun taɓa wanke zanin ɗakin haihuwa?"

Shi ke nan, Inna ta ɗauki tsintsiya. Iyakar ƙoƙarinta ke nan.

Don haka abin ya dawo kaina. Na shiga banɗakin ofis na tsaya gaban madubi ina gwadawa kamar mahaukaciya: Kawu, tsawatarwa ce. Kawu, kai kaɗai aka ba. Kawu, saura ɗaya. Na haddace tsaf, na gangara da ƙarfina. Sai na tarar ranar ana ruwa, ba kowa a wajen shanya, duk suna ciki. Masu guga mata huɗu, da masu tura amalanken kaya biyu, kowa ya kasa kunne. Kawu yana ganina ya washe baki.

"Ga 'yata mai Turanci! Ku ba ta kujera. Uwata, karanta da ƙarfi su ma su ƙaru."

Da ƙarfi. A gaban matan da ke durƙusawa su gaishe shi kowace safiya. Duk abin da na haddace ya bi iska.

"Irin ta ran nan ce, Kawu. Amma don Allah ka daina buɗe jakunkunan nan, sun matsa da yawa."

"Sun matsa wa kowa ke nan?"

"E."

"Za su gaji su bari. Kafin ita an yi manyan nas-nas biyar, kowace da irin tata dokar." Ya miƙo yatsa.

Na ce a raina zan same shi a gida shi kaɗai. Na je ranar, na tarar da baƙi. Na koma bayan kwana biyu, yana barci, Inna ta hana a tashe shi. Daga nan ƙaramin ɗana ya kwanta zazzaɓi, sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Kowace safiya idan na ga ba sunansa a kan teburina sai in sauke ajiyar zuciya, in ce ƙila abin ya wuce. Ragwanci ne kawai, ba wani sunan da zan ba shi.

Ranar da masu duba tsabta suka zo daga hedikwata, ba wanda ya san da zuwansu. Su uku ne, da fararen riguna da allunan rubutu, Babbar Nas tana gaba. Suka shiga ɗakin wanki suka sami Kawu da jar jaka a buɗe tsakanin ƙafafunsa. Da wani ne, da ya ɓoye. Shi kuwa me zai ɓoye, tunda a saninsa ba shi da laifi a wurin kowa? Ya tashi ya gaishe su, ya ɗago zani mai tabo ya nuna musu, ya tsoma a baho ya cuɗa, ya sake ɗagowa su ga yadda tabon ya fita. Koya musu aiki yake yi, bawan Allah. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauki hoto. Gajere ne ya ba ni labari, yana faɗa yana share gumi.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya, a ɗakin taro na sama. Dogon tebur, fanka mai ƙara, mutum uku: Sakatare, Babbar Nas, da wani dattijon likita mai furfura wanda shi ke shugabanta. Duk cikinsu babu mai jin yarenmu sosai, kuma a irin wannan zama ni ake kira in yi tafinta. Na ce wa Sakatare a nemi wani, kawuna ne. Ya ce ai shi ya sa, zai fi sakin jiki da ni.

Kawu ya shigo cikin kayan aikinsa da ya goge da kansa, karin guga kamar wuƙa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauka shawara za a nema a wurinsa kan jakunkunan, har ya raɗa mini cewa dama ya san za su dawo hanya.

Likitan ya juya fayil a hankali. Na lura ba mugu ba ne, hanya yake nema. Ya zaro takardun nan biyu ya shimfiɗa a tebur, ya dube ni ya ce in fassara abin da zai faɗa kalma da kalma, kada in rage. Ya ce: shin an bayyana wa wannan dattijo cewa takardun nan tsawatarwa ce ta hukuma a kansa shi kaɗai? An faɗa masa cewa bayan ta biyu sai kora? Idan ba a faɗa masa ba, to magana ta canja, sai a sake duba lamarin.

Idanu shida a kaina, ga na Kawu. Babu wurin gudu. Na faɗa masa, da harshen da ya koya mini magana da shi, abin da ya kamata in faɗa tun wata biyar da suka wuce.

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa janyewa.

"Tsawatarwa?" ya ce.

"E, Kawu."

"Ni aka tsawatar wa?"

"E."

"Sau biyu."

Na gyaɗa kai.

"Sauran fa? Su Gajere, da masu guga?"

"Kai kaɗai ne, Kawu."

Ya dubi takardun, ya dubi tambarin yatsansa a ƙasan kowace. Ya daɗe yana kallo. Ni dai na san abin da yake lissafawa, don na san shi: mijina wata takwas ke nan ba aiki, yara biyu, kuma ma'aikaciyar da ta sa mutum ya dangwala yatsa a kan ƙarya ba za ta kwana a kujerarta ba. Ya ɗago kai, bai kalle ni ba, likitan ya kalla.

"Ki ce musu na sani. An karanta mini duka biyun, ba a rage komai ba. Taurin kaina ne."

"Kawu, wallahi ba zan..."

"Kul." Bai ɗaga murya ba. "Ni ake tambaya ko ke? Faɗa musu abin da na ce."

Likitan ya ce, me ya ce?

Nan ne wurin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Ni ce fa na canja magana sau biyu ba tare da kowa ya sa ni ba. Me zai hana in canja ta uku? Ba mai jin yarenmu a teburin. Da na buɗe baki na ce bai sani ba, ni na ɓoye masa, da Kawu ma ba zai gane abin da na faɗa ba sai daga baya. Ina so in ce biyayya ce ta hana ni, amma ba ita kaɗai ba ce. Na tuna kujerata, na tuna yarana, tsoro ya kama ni. Na fassara maganarsa kalma da kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Rana ɗaya tak da na yi aikina daidai ke nan.

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Ya sake tambaya, ya tabbata? Na mayar wa Kawu. Kawu ya ce ya tabbata. Babbar Nas ta rubuta wani abu. Duka zaman bai kai minti ashirin ba.

Washegari na shiga wurin Sakatare na rufe ƙofa, na ce ina da magana kan zaman jiya. Ya ɗaga mini hannu tun kafin in fara.

"An riga an sa hannu a rahoto, kwafi ya tafi hedikwata tare da hoton nan. Idan abin da nake zato za ki faɗa ne, to takardar kora biyu za a buga maimakon ɗaya, kuma shi ba zai dawo ba. Kina da magana har yanzu?"

Na ce babu.

"To ga wannan, kwafi biyu."

Na buga ta. Sau uku ina ɓatawa ina sakewa don hawaye sun hana ni ganin allon. Da na gama na sa a ambulan na gangara ɗakin wanki, don ba zan bari masinja ya kai masa ba. Injina na ta juyi kamar kullum. Masu guga suka sunkuyar da kai, Gajere ko ƙyallinsa babu. Kawu ya riga ya cire kayan aiki ya ninke su a kan tebur, yana sanye da rigarsa ta gida. Na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Ba komai," ya ce. Ya karɓa ya sa a aljihu. Na tsaya ina jira ya fito da ita in karanta masa, ko da kuwa kowace kalma za ta yanke ni.

"Koma bakin aikinki, kar a neme ki."

Na koma. Tagar ofishinmu tana kallon babbar ƙofar asibiti, na je na tsaya a jikinta. Can sai ga shi ya fito, yana tafiya a hankali da 'yar jakarsa. Da ya isa ƙofa bai fita ba, ya tsaya wurin maigadi, wani mutum da ko shekara bai yi da fara aiki ba, wanda karatunsa bai wuce na duba katin shiga ba. Kawu ya zaro ambulan ya miƙa masa. Maigadin ya buɗe, ya kai takardar kusa da fuska, yana bi da yatsa, yana tsayawa, yana juyowa ya yi bayani. Motoci na shiga suna fita, mutane na ratsa su, Kawu ya karkata kunne yana saurare.

A wani wuri ya ɗaga hannu ya sa aka maimaita masa. Aka maimaita, ya sa aka sake. Daga inda nake ba na jin abin da suke faɗa, amma ni na buga takardar, na san layin da yatsan maigadi ya tsaya a kai. Shi ne inda aka rubuta cewa an kore shi saboda ya ƙi jin tsawatarwa har sau biyu, da gangan, bayan ya amsa da bakinsa cewa ya fahimta.